Daga Majigi Zuwa Wayar Hannu: Yadda Kyamara Ke Auna Hankalin Mai Kallo

A hutun Babbar Sallar da ta gabata na je gida Zadawa, a arewacin jihar Bauchi. Daren kwana na uku, bayan sallar isha'i, na tarar da samari biyar sun haɗa kai a dakalin ƙofar gidanmu, waya ɗaya a tsakaninsu, suna kallon wani fim mai dogon zango. Da kashin da suke kallo ya ƙare, sai ƙanena ya ce, "Yaya, zo ka ga irin aikinku na Abuja." Ya buɗo wani bidiyo da wata ma'aikata ta shirya domin faɗakarwa kan tsabtar ruwan sha. Wani babban jami'i ne zaune a bayan tebur, tuta a damansa, takarda a hannunsa, yana karanta jawabi. Babu rijiya a ciki, babu randa, babu yaron da ciwon ciki ya kwantar. Ba a cika minti ɗaya ba suka wuce shi.

Kawuna, wanda ya haura shekara saba'in, yana kishingiɗe a tabarma yana jin mu. Sai ya ce, "Ai ɗana, gara majigi. Su ko ba komai sun nuna mana ƙudan." Daga nan ya shiga ba mu labarin ƙuruciyarsa a Azare: yadda mota ke zuwa da la'asar, a kafa farin ƙyalle a fili, a tayar da inji idan duhu ya yi, wani mutum ya riƙe lasifika yana fassara abin da ake gani, gari ya fito kwansa da kwarkwata.

Maganar Kawu ta tsaya mini a rai, domin ta taɓo tushen ilimin fim gaba ɗaya. Duk inda mai ba da umarni ya ajiye kyamara, duk inda ya yanke hoto, duk abin da ya bari a faɗa da baki maimakon a nuna, hukunci ne yake yankewa kan hankalin mai kallo. Tarihin fim a ƙasar Hausa, daga majigi zuwa wayar hannu, tarihin wannan hukuncin ne. Kuma da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi suna cikin masu yanke shi, domin ta teburinsu takardun kwangilar finafinan faɗakarwa ke bi.

Ƙa'idar da aka gina a kan raini

Kalmar majigi ta samo asali ne daga sunan da Turawa ke kiran wata fitilar haska hotuna da ta riga sinima zuwa duniya. A shekarar 1939 gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya finafinai na musamman domin ƙasashen da take mulka, ta ɗora William Sellers a kansa. Sellers jami'in kiwon lafiya ne da ya yi aiki a Legas, inda ya fara amfani da fim wajen yaƙi da annoba. Daga abin da ya ce ya lura da shi, ya tsara wasu ƙa'idoji da ya wallafa a 1941, waɗanda suka zama jagora ga masu shirya finafinan majigi na tsawon shekaru.

Taƙaitaccen bayaninsu shi ne, ɗan Afirka da bai yi boko ba ba zai iya karanta hoto mai motsi kamar Bature ba. Saboda haka a sassauta tafiyar labari, a daɗe a kan kowane hoto, kada a riƙa juya kyamara, kada a yi tsallen lokaci, kada a koma baya a cikin labari, kuma a nuna kowane aiki daga farkonsa har ƙarshensa. Jami'an mulkin mallaka sun riƙa yaɗa wasu labarai biyu a matsayin hujja. Na farko, wai an nuna wa mutanen wani ƙauye fim kan tsabta, da aka tambaye su abin da suka gani sai suka ce kaza, wadda ta gifta ta gefen hoton. Na biyu, wai an nuna sauro ya cika farin ƙyalle, sai masu kallo suka ce su nasu sauron bai kai wannan girma ba, don haka babu abin tsoro.

Duk wanda ya san barkwancin Bahaushe zai yi zargin cewa a labari na biyu shaƙiyanci aka yi wa Bature bai gane ba. Na farkon kuwa shaida ce ta kaifin ido, domin mutumin da ya hango kaza a kusurwar hoto ya ga abin da shi mai ɗaukar bai gani ba. Amma a kan irin waɗannan labarai aka gina salon da ya mamaye majigi: mutum biyu, mai wayo da wawa, ɗaya ya bi shawarar hukuma ya ci riba, ɗaya ya ƙi ya yi asara. Finafinan noma irin su Baban Larai, wanda dattawa ke tunawa da shi har yau, daga wannan makaranta ta wayar da kai suka fito. Masanin nan Brian Larkin, wanda ya yi bincikensa a Kano, ya nuna a littafinsa na 2008 cewa majigi ya kasance wata hanya ce ta hukuma ta nuna kanta ga talakawa, ba nishaɗi kawai ba.

Abin da duniya ta riga ta gano

Abin mamaki shi ne, tun kafin Sellers ya rubuta ƙa'idojinsa, masana fim sun riga sun gano akasin abin da ya ɗauka. A Rasha, wajen shekarar 1920, Lev Kuleshov ya yi wani gwaji da ya shahara. Ya ɗauki hoton fuskar wani ɗan wasa wadda ba ta nuna komai, ya jera ta da kwanon miya, sannan da akwatin gawa, sannan da wata mace. Masu kallo suka ga yunwa a karo na farko, baƙin ciki a na biyu, sha'awa a na uku, alhali fuskar ɗaya ce ba ta sauya ba. Darasin shi ne ma'ana ba ta zaune a cikin hoto guda. Tana haihuwa ne a zuciyar mai kallo idan aka gwama hoto da hoto. Wato mai kallo abokin aiki ne, shi ke ƙarasa ginin.

Sergei Eisenstein ya kai wannan tunani ƙololuwa a fim ɗinsa Battleship Potemkin na 1925. A fitowar da sojoji ke harbin jama'a a kan matakalar birnin Odessa, ya riƙa yanka tsakanin takalman soja da ke saukowa a jere, da fuskokin mutane, da keken jariri da ke gangarawa babu mai riƙe da shi. Babu wanda ya tsaya ya ce zalunci mugun abu ne. Jerin hotunan ya wadatar.

Daga baya wani Bafaranshe, André Bazin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa mujallar Cahiers du Cinéma a 1951, ya zo da ra'ayi na daban. A ganinsa yawan yanka yana tilasta wa mai kallo inda zai duba. Ya fi son doguwar ɗauka wadda komai ke fitowa sarai, na kusa da na nesa, kamar yadda Orson Welles da mai ɗaukar hotonsa Gregg Toland suka yi a Citizen Kane na 1941, domin ido ya zaɓi abin da zai bi da kansa. Makarantun biyu sun yi hannun riga a kan hanya, amma sun haɗu a kan abu ɗaya: dukansu sun amince da hankalin mai kallo. A nan ne suka rabu da Sellers. Shi ma yana son doguwar ɗauka, amma dalilinsa shi ne tsoron kada mai kallo ya ɓace. Dabara ɗaya ce, niyya ce ta bambanta, kuma mai kallo yana jin bambancin ko da ba zai iya ba shi suna ba.

Amsar da ta fito daga ƙasar Bauchi

Amsa mafi ƙarfi ga ƙa'idar majigi ta fito ne daga labarin da ɗan ƙasar Bauchi ya rubuta. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar ne domin gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 a ƙarƙashin Rupert East, tun yana malamin makaranta. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, sannan a 1976 Adamu Halilu ya mayar da shi fim na sinima, da Hausa, mai tsawon fiye da sa'o'i biyu. Shi kansa Adamu Halilu a finafinan wayar da kai na gwamnatin Arewa ya goge, don haka ya san ƙa'idojin da yake karyawa.

Dubi ginin labarin. Shaihu Umar yana zaune cikin almajiransa a Rauta, aka tambaye shi asalinsa, sai ya koma baya ya warware rayuwarsa: yadda makirci ya raba mijin mahaifiyarsa, Makau, da gari, yadda aka sace shi yana yaro, yadda ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim wanda ya ƙetara sahara da shi ya rene shi kamar ɗansa, da yadda mahaifiyarsa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa cikin bauta. Fim ɗin gaba ɗaya waiwaye ne, wato ainihin abin da Sellers ya ce ɗan Afirka ba zai gane ba. Bugu da ƙari labarin yana rabuwa gida biyu, na ɗa da na uwa, ana barin ɗaya a koma ɗaya, kuma ana tsallake shekaru.

Ba daga Turai aka aro wannan gini ba. Labari a cikin labari tsohon abu ne a wurinmu. Haka Abubakar Imam ya gina Ruwan Bagaja, haka ya gina Magana Jari Ce, inda aku ke jero labarai yana jan hankalin ɗan sarki. Yaron da ya tashi yana jin tatsuniya a ɗakin kakarsa ya saba da tsallen lokaci da sauyin wuri tun kafin ya ga farin ƙyalle. Tafiyar fim ɗin a hankali take, amma natsuwar malami ce mai ba da labari da nisan tafiyar ayari, ba jan ƙafar wanda ke tsoron ba a fahimce shi ba.

Shekaru goma sha biyar bayan haka, a 1991, Saddik Ɓalewa, ɗan marigayi Firayim Minista, ya fitar da Ƙasarmu Ce, fim na Hausa kan mutanen ƙauye da masu hannu da shuni ke neman raba su da ƙasarsu. A maƙwabciyarmu Nijar kuwa, Oumarou Ganda ne ya fara cin babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a Wagadugu a 1972. Wato yankinmu ba baƙo ba ne a fagen sinima mai zurfi.

Sai dai abin da ya faru da Shaihu Umar abin kunya ne gare mu. Fim ɗin ya ɓace daga idon jama'a na tsawon shekaru, har aka ɗauka ya salwanta. Sai a 2016 aka gano faya-fayansa a cikin tsofaffin gwangwanaye, a binciken da mai sharhin finafinai Didi Cheeka ya taka rawa a ciki. Cibiyar Arsenal ta birnin Berlin ce ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Tambayi matasa goma a Azare ko Misau ko Jama'are, ka ga mutum nawa ne suka taɓa kallonsa.

Lokacin da baki ya rinjayi ido

Masana'antar da muke kira Kannywood ta biyo wata hanya dabam. Ana ƙirga farkonta daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano a 1990, kuma mujallar Tauraruwa ce ta raɗa mata suna a ƙarshen shekarun 1990. Tushenta ƙungiyoyin wasan daɓe ne da wasannin rediyo da talabijin irin na su Samanja da Ƙasimu Yero, inda gwaninta ke kan harshe. Ga kuma ƙarancin jari: kyamara ɗaya, kwanaki kaɗan, falo ɗaya da aka aro. A irin wannan hali abu mafi sauƙi shi ne a zaunar da mutum biyu a kujera su faɗi labarin da baki. Daga finafinan Indiya, waɗanda gidajen sinima na Arewa suka shafe shekaru suna nunawa, aka ɗauko waƙa da rawa, musamman bayan nasarar Sangaya. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubuce-rubuce masu yawa kan wannan aro da yadda aka Hausantar da shi.

Yau an samu ci gaba da ba ya musuntuwa. Tun zuwan tashar Arewa24 a 2014, da finafinai masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina, da Izzar So a YouTube, hoto ya yi kyau, sauti ya gyaru, an fara kula da haske. A 2024 kwamitin Najeriya ya zaɓi Mai Martaba, fim na Hausa da aka ɗauka a Daura, ya wakilci ƙasar a gasar Oscar. Amma tsohuwar al'adar ba ta tafi ba. Sau da yawa za ka ga an nuna abu ya faru, sannan wani ya je ya ba wani labarin abin da muka gani, sannan wanda aka ba labarin ya kira wani a waya ya maimaita. Wani ɓangare na dalilin kasuwa ce, domin tsawon shiri na ƙara gurbin talla. Amma sakamakon ɗaya ne da na Sellers: ana ɗaukar mai kallo kamar wanda sai an tauna an ba shi.

Alfred Hitchcock ya taɓa bambanta firgita da zullumi da misalin bam a ƙarƙashin tebur. Idan ya tashi ba zato, an firgita mai kallo na 'yan daƙiƙu. Idan kuwa an nuna masa bam ɗin tun farko alhali masu hira ba su sani ba, zai zauna cikin zullumi har ƙarshen fitowar. Mu kawo misalin gida. A nuna hannun da ya barbaɗa magani a kwanon tuwo, sannan a nuna maigida ya shigo da baƙo, yaro ƙarami ya rarrafo wajen kwanon. Ba a bukatar boka ya yi jawabi, ba a bukatar kiɗan tsoro. Gani ya kori ji.

Tabarma, zaure da kunya

Ba sai mun kwaikwayi kowa ba kafin mu samu harshen hoto namu, domin kayan aikin suna cikin rayuwarmu. Yasujiro Ozu na Japan, mai fim ɗin Tokyo Story na 1953, ya shahara da sauke kyamararsa ƙasa, kusa da tsayin mutumin da ke zaune a tabarma, domin a ƙasa mutanensa ke zama. Mu ma a tabarma muke ɗaurin aure, a tabarma muke zaman makoki, a ƙasa ake gaisuwa a fada. Duk da haka mai ɗaukar hoto yakan tsaya a tsaye ya ɗauki dattawa daga sama, ya ƙasƙantar da su ba da niyya ba. Saukar da kyamara taku biyu kacal zai sauya matsayin kowa a cikin hoton.

Haka zaure. Gidan Bahaushe an gina shi ne a kan abin da ake gani da abin da ba a gani: baƙo ya tsaya a zaure, murya ta fito daga cikin gida, labule ya motsa. Masana fim suna daraja abin da ke wajen hoto kamar yadda suke daraja na cikinsa, mu kuwa gininmu ya ba mu shi kyauta. Ga kuma kunya da kara. Uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, idan ya dawo daga doguwar tafiya ba za ta rungume shi ba. Wataƙila ta juya baya ta shiga gyara murhun da ba ya bukatar gyara. Kyamarar da ta tsaya a kan hannunta ta faɗi abin da shafi uku na zance ba zai faɗa ba.

Masu shirya fim sukan koka da dokokin tace finafinai, musamman tun kafa hukumar tacewa ta jihar Kano a 2001, kuma wasu koke-koken suna da tushe. Amma Iran na da dokoki masu tsauri kan cuɗanyar mace da namiji a fim, kuma daga cikin wannan ƙunci Abbas Kiarostami da Majid Majidi da Asghar Farhadi suka fito, har fim ɗin Farhadi, A Separation, ya ci Oscar a 2012. Da aka hana su taɓawa, sai suka koyi magana da kallo, da ƙofa, da tazarar da ke tsakanin mutum biyu.

Ko hawan sallah na Azare darasi ne. Duk shekara ana ɗaukarsa, yanzu har da kyamarar da ke shawagi a sama, wadda ke nuna yawan jama'a da jerin dawaki. Wannan na da kyau, amma daga sama kowane hawa kama yake da ɗan'uwansa. Abin da ya sa na Katagum ya zama na Katagum yana ƙasa: hannun dattijon da ke naɗa wa jikansa rawani, gumin doki, bakin mai algaita, fuskar yarinyar da aka ɗora a kafaɗa domin ta hango Sarki. Ɗauka daga nesa tana ba da labarin taro, ɗauka ta kusa tana ba da labarin mutum, kuma gwanin tacewa shi ne wanda ya san lokacin da zai bar ɗaya ya koma ɗaya.

Abin da ya rage ga masu riƙe da fayil

Gwamnati na daga cikin manyan masu ba da aikin fim a ƙasar nan, ko da ba ta kallon kanta haka. Kowace ma'aikata da hukuma na fitar da bidiyon faɗakarwa da na ayyukan da ta yi, kan rigakafi, da noma, da rajistar zaɓe, da haraji. Mai taimaka wa minista ko daraktan yaɗa labarai da ke duba irin wannan aiki zai iya yi masa gwaji mai sauƙi: ya kashe sautin, ya kalla. Idan har ya fahimci saƙon, an yi fim. Idan kuwa abin da ya rage shi ne mutum a bayan tebur yana motsa baki, to jawabi aka ɗauka, kuma rediyo ya fi dacewa da shi, ya kuma fi araha. Sannan ya tambaya: minti nawa aka ba jami'i, minti nawa aka ba wanda aka yi aikin dominsa? Da Hausa aka yi tunanin shirin, ko da Turanci aka rubuta aka ɗora masa murya daga baya?

Na biyu shi ne adana tarihi. Hukumar Shirya Finafinai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979 mai hedikwata a Jos, ita ke riƙe da cibiyar koyar da fim ta ƙasa da kuma ma'ajiyar finafinai, kuma a Janairun 2024 aka naɗa Ali Nuhu, ɗan Kannywood, ya shugabance ta. Faifan fim yana ruɓewa idan babu sanyi da kulawa, kaset ɗin bidiyo na shekarun 1990 ma yana mutuwa a hankali. Kasafin adana su ba ya cikin abubuwan da ake yanka ƙyalle a kansu, shi ya sa yake saurin faɗuwa a zaman tantance kasafi. Amma matashin da bai taɓa ganin aikin Adamu Halilu ba zai ci gaba da zaton cewa fim mai kyau sai daga Mumbai ko Istanbul. Kamata ya yi a ce ana nuna Shaihu Umar a kwalejin ilimi ta Azare da jami'ar Gaɗau, a kuma fitar da shi fili kamar yadda majigi ke yi a da.

Kafin na baro Zadawa na sake zama da samarin nan, na tambaye su abin da ya sa suke bin fim ɗin da suke kallo mako bayan mako. Ba su ambaci wata ƙa'ida ba, amma ɗayansu ya ce ya gane wace ce za ta ci amana tun kashi uku da suka wuce, daga yadda ta ajiye kofi ba ta dubi mai gidan ba. Sauran suka yi masa gardama, kowa na kawo tasa shaidar daga abin da ya gani. Kawu na gefe yana murmushi. Jikokin waɗanda aka ce kaza kawai suka gani ke nan, suna karanta hoto dalla-dalla a kan allon da bai kai tafin hannu ba. Duk wanda zai kashe kuɗin jama'a domin ya yi musu magana ta kyamara, ya kamata ya fara da sanin haka.